Yahaya Bin Yahaya Allaisi, Mai Hankalin Andalus

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk almajirin da ya taɓa gurfana gaban malami a zaure, ko a Kano ko Sakkwato ko Zariya ko Damagaram, ya buɗe littafin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, sunan da yake fara cin karo da shi tun kafin sunan Malik shi ne Yahaya. Babi bayan babi da wannan suna ake buɗe shi, har kunne ya saba. Amma kaɗan ne suke tsayawa su tambayi ko wane ne wannan Yahaya, ko kuwa mutumin wace ƙasa ne. Da yawa sun ɗauka Balarabe ne mutumin Madina, alhali kuwa a Turai ya tashi, a Turai ya karantar, a can kuma kabarinsa yake, cikin ƙasar da a yau ake kira Sifen. Tarihinsa shi ne abin da wannan fili ya ƙunsa a wannan mako.

YADDA ƘASAR TAKE

Ƙasar Sifen tana can ƙarshen Turai ta kudu maso yamma. Ita da maƙwabciyarta Fotugal suna zaune ne a kan wani babban yanki wanda ruwa ya kusa kewaye shi: Bahar Rum ta gabas da kudu, Tekun Atlantika ta yamma da wani sashe na arewa. Ta arewa maso gabas kaɗai ta haɗu da sauran Turai, can ma sai da dogayen duwatsun Firanis suka yi mata katanga tsakaninta da Faransa. Saboda haka ne Larabawa suka riƙa kiranta tsibirin Andalus. Faɗin Sifen ya kai murabba'in kilomita 505,000, watau ya ɗara rabin Nijeriya da kaɗan. Tsakaninta da Afirka kuwa wani siririn mashigin teku ne, wanda a inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba, har ma wanda ya tsaya a gaɓar Maroko yakan hangi duwatsun Sifen idan gari ya yi garau.

Tsakiyar ƙasar tudu ne mai faɗi, busasshe, mai tsananin zafi da bazara da tsananin sanyi da hunturu. Arewa tana da yawan ruwan sama da dazuzzuka. Kudu kuwa nan albarkar take, gama nan ne kogin da Larabawa suka sa wa suna Wadil Kabir, watau babban kogi, yake ratsawa ta biranen Ƙurɗuba da Ishbiliya kafin ya faɗa teku. Har gobe da wannan suna mutanen ƙasar suke kiransa, sai dai harshe ya juya shi ya koma Gwadalkibir. Ƙasa ce ta zaitun da inabi da ɓaure da alkama, kuma a kusa da Garnaɗa akwai duwatsun da ƙanƙara take rufe kawunansu galibin shekara.

Al'ummu da yawa sun yi zamani a cikinta. Fataken Finiƙiya daga gaɓar Sham sun kafa garuruwan ciniki a bakin tekunta, mutanen Kartaja ta ƙasar Tunis sun biyo bayansu, sa'an nan Rumawa suka shigo a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, suka yi mulki na wajen shekara 600. Daga harshen Rumawan nan ne harshen mutanen Sifen na yau ya samo asali, a zamaninsu kuma addinin Nasara ya kafu. Da daular Rum ta raunana sai wata ƙabila daga arewacin Turai, wadda Larabawa ke kira Alƙuɗ, ta karɓe ƙasar, ta mai da birnin Ɗulaiɗila, watau Toledo, gidan sarautarta.

A shekara ta 92 bayan Hijira, daidai da 711 Miladiyya, Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetare mashigin nan da runduna, ya sauka gindin dutsen da har yau yake ɗauke da sunansa, Jabal Ɗariƙ. Ya gamu da Sarki Luzariƙ, aka gwabza, Allah Ya ba Musulmi nasara. Shekara mai zuwa shugabansa Musa bin Nusair ya biyo shi da wata rundunar, cikin 'yan shekaru kaɗan galibin ƙasar ta shiga hannun Musulmi, in ban da lungunan duwatsun arewa, inda daga baya masarautun Nasara suka tsiro.

ASALINSA DA TASHINSA

Galibin mayaƙan Ɗariƙu ba Larabawa ba ne, Barbar ne, watau mutanen arewacin Afirka dangin Buzaye, ba Barebarin Barno ba. Daga cikin waɗanda suka ƙetara a wancan zamani har da kakannin Yahaya, 'yan ƙabilar Masmuda ta ƙasar Maroko. Sunansa Yahaya bin Yahaya bin Kasir, alkunyarsa Abu Muhammad. Ana ce masa Allaisi ne domin gidansu ya jingina da ƙabilar Larabawa ta Banu Laisu ta hanyar wala'i, kamar yadda al'ada take ga wanda ya musulunta a hannun wani.

An haife shi a shekara ta 152 bayan Hijira, daidai da 769. A lokacin Andalus ta riga ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Dalili kuwa, da Abbasiyawa suka tumɓuke daular Umayyawa a Sham a shekara ta 750, suka bi 'ya'yan gidan suna kashewa, sai wani saurayi daga cikinsu, Abdurrahman bin Mu'awiya, ya kuɓuta, ya yi ta gudu har ƙasar kawunnansa Barbar, ya ƙetara Andalus, ya hau gadon mulki a Ƙurɗuba a 756. Shi ne ake kira Abdurrahman Addakhil. Yahaya yana matashi ne aka ɗora harsashin babban Masallacin Ƙurɗuba, wajen shekara ta 785.

A wancan zamani mutanen Andalus mazhabar Imamu Auza'i suke bi, malamin Sham, domin daga Sham manyan rundunoninsu na Larabawa suka fito. Amma alhazai da ɗalibai sun fara komowa daga Madina da labarin Malik bin Anas da littafinsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ziyad bin Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Shabɗun. A gabansa Yahaya ya fara karanta Muwaɗɗa a Ƙurɗuba, shi ne kuma ya ba shi shawarar ya yi haramar tafiya ya riski Malik tun yana da rai.

A MAJALISAR IMAMU MALIK

Yahaya ya kama hanyar gabas bai cika shekara 30 ba. Tafiya ce ta watanni, a jirgin ruwa da bayan raƙumi, ta arewacin Afirka da Masar har Hijaz. Ya iske Malik ya tsufa ƙwarai, ya zauna cikin almajiransa, ya ji Muwaɗɗa daga gare shi.

A nan ne abin da ya jawo masa laƙabinsa ya faru. An ruwaito cewa wata rana ana tsakiyar karatu sai aka yi shelar an shigo da giwa cikin Madina. Giwa kuwa baƙuwar dabba ce a Hijaz, saboda haka almajirai suka watse, kowa ya ruga kallo, aka bar Yahaya shi kaɗai gaban malam. Malik ya tambaye shi abin da ya hana shi fita, tun da yake babu giwa a ƙasarsu. Yahaya ya amsa da cewa ya baro ƙasarsa ne don ya ga Malik ya koyi ilminsa da halinsa, ba don kallon giwa ba. Wannan amsa ta ƙayatar da Malik, ya kira shi mai hankalin mutanen Andalus, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Akwai wani abu kuma da yake nuna amanarsa. Da ya zo ruwaito littafin, sai ya yi kokanto a kan wasu 'yan babobi na ƙarshen littafin i'itikafi, ko ya ji su daga bakin Malik ko bai ji ba. Babu mai iya ƙaryata shi a Andalus in da ya ce ya ji. Duk da haka bai yarda ya jingina su ga Malik kai tsaye ba, sai ya ruwaito su ta hanyar malaminsa na farko, Ziyad. Wanda ya duba Muwaɗɗa a wannan wuri zai ga sunan Ziyad ya shiga tsakanin Yahaya da Malik, dalilin ke nan.

Imamu Malik ya rasu a shekara ta 179, daidai da 795. Yahaya ya kuma ɗauki ilmi a Makka wurin Sufyanu bin Uyaina, a Masar kuwa wurin Abdullahi bin Wahabi da Abdurrahman bin Ƙasim, manyan almajiran Malik. A hannun Ibnul Ƙasim ne ya ƙware a fiƙihu, ya komo gida da mas'aloli masu yawa a rubuce.

FITINAR UNGUWAR RABAD

Sarki Hisham ɗan Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 788 zuwa 796, mutum ne mai son malamai, a zamaninsa almajiran Malik suka sami gindin zama. Ɗansa Alhakam da ya gaje shi kuwa halinsa dabam ne. Jarumi ne mai tsanani, ya tara bayi baƙi waɗanda ba su jin Larabci ya mai da su dogaransa, ya ɗora wa talakawa haraji mai nauyi, malamai kuma suna zarginsa da shagala. Tun a shekara ta 805 aka tona wata maƙarƙashiya ta tuɓe shi, ya sa aka tsire mutum 72 daga manyan gari.

A hayin kogi, ƙetaren gadar Ƙurɗuba, akwai wata babbar unguwa da ake kira Rabad, mazaunin masu sana'a da 'yan kasuwa da ɗalibai da malamai. A watan Ramadan na shekara ta 202, daidai da 818, wani dogarin sarki ya kashe wani mai gyaran takubba a kan 'yar gardama, unguwa ta ɗauki makami ta nufi fada. Alhakam ya aika mahaya suka zaga ta baya suka cinna wa gidajen unguwar wuta. Da mutane suka juya don ceton iyalinsu sai aka rutsa su gaba da baya. An yi kwana uku ana kisa da wasoso, aka tsire mutum 300 a bakin kogi, aka rushe unguwar aka hana sake gini a wurin, sauran mazaunanta kuma aka kore su. Wasu suka tafi Fas ta Maroko, inda har yau akwai sashen gari mai sunan mutanen Andalus. Wasu suka tafi Iskandariya, daga can suka ci tsibirin Kirit, zuriyarsu ta riƙe shi har shekara ta 961.

Yahaya yana cikin malaman da aka tuhuma da hannu a tayar wa sarki. Ya tsere zuwa Ɗulaiɗila ya ɓuya, har daga baya Alhakam ya rubuta masa takardar aminci, ya komo Ƙurɗuba. Ya ga abin da fito-na-fito da mai mulki ya jawo wa talakawa, ya ga gawarwaki a bakin kogi da unguwa guda ta zama kufai. Daga nan har ƙarshen ransa ba a sake jin sunansa cikin wani tawaye ba. Shi kuma gidan sarauta ya gane cewa ba a mulkin Ƙurɗuba sai da malamanta.

MALAMI A ƘOFAR FADA

Abdurrahman na biyu ya hau mulki a 822, ya yi shekara 30. A zamaninsa Ƙurɗuba ta bunƙasa, aka faɗaɗa babban masallaci, aka kafa birnin Mursiya, aka kuma fatattaki mayaƙan jiragen ruwa na arewacin Turai, waɗanda Larabawa suka kira Majusu, bayan sun afka wa Ishbiliya a 844. Babban malamin fiƙihu Isa bin Dinar ya rasu a shekara ta 212 bayan Hijira, sai shugabancin fatawa ya komo hannun Yahaya.

An yi masa tayin alƙalanci ya ƙi, kamar yadda aka ruwaito malaminsa Ziyad ya ƙi a zamanin Hisham. Wannan ƙin ya ƙara masa kwarjini a idon sarki da talakawa, har ya zamana ba a naɗa alƙali a Andalus sai an shawarce shi, shi kuwa ba ya nuna kowa sai wanda yake kan mazhabar Malik. Ɗalibai suka ga inda ilmi yake da daraja, suka raja'a a kan fiƙihun Madina, mazhabar Auza'i ta yi ta ja da baya har ta ɓace daga ƙasar. An ce a zamansa da shigarsa da natsuwarsa duk Malik yake kwaikwayo.

Da yake shi mabiyin Malik ne, bai hana shi saɓa masa a inda ya ga hujja ta fi ƙarfi ba. Ba ya yin alƙunutu a sallar Asuba, ba ya kuma ganin a yanke hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. A waɗannan ya bi ra'ayin Laisu bin Sa'ad, babban malamin Masar.

Fatawarsa da ta fi shahara ita ce ta kaffarar sarki. An ruwaito cewa Abdurrahman ya kusanci wata kuyangarsa da rana a cikin Ramadan, ya yi nadama, ya tara malamai yana neman mafita. Yahaya ya riga kowa magana, ya ce sai ya yi azumin wata biyu a jere. Sauran malamai suka yi shiru saboda girmansa. Da aka fito suka tambaye shi don me bai faɗa wa sarki mazhabar Malik ba, wadda ta ba mutum zaɓi tsakanin 'yanta bawa, da ciyar da miskinai 60, da azumin. Ya bayyana musu cewa in aka buɗe wa sarki wannan ƙofa, abu ne mai sauƙi gare shi ya riƙa karya azumi kullum yana 'yanta bawa, shi ya sa ya ɗora masa mafi wuya don kada ya koma.

Malamai ba su haɗu a kan wannan fatawa ba. Da yawa daga malaman usulu sun kafa misali da ita a kan maslahar da shari'a ba ta karɓa ba, suka ce malami ba shi da ikon ƙuntata abin da nassi ya yalwata, ko da niyyarsa kyakkyawa ce, gama in sarakuna suka gane ana sauya musu hukunci saboda matsayinsu, ba za su ƙara amincewa da fatawa ba. Wasu kuma suka kare shi da cewa dukiyar da take hannun sarki ta baitulmali ce, ba tasa ba, saboda haka hukuncinsa na wanda ba shi da abin 'yantawa ne. Ko wane ɓangare mutum ya rinjayar, abu ɗaya ya fito fili: a gaban mai mulki Yahaya ya karkata ne wajen tsanantawa, a wurin da galibin mutane suke karkata wajen neman yardar fada.

Ba a kuma bar shi ba suka ta wasu fuskokin. Ibnu Hazmi, malamin Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1064, ya yi nuni da cewa ƙarfin sarauta ne ya yaɗa mazhabar Malik a Andalus ta hannun Yahaya, kamar yadda ya yaɗa ta Abu Hanifa a gabas ta hannun Alƙali Abu Yusuf. Masu tarihin alƙalan Ƙurɗuba sun ambaci alƙalai da dama da aka tuɓe saboda sun saɓa da shi, an kuma san akwai 'yar tsama tsakaninsa da Abdulmalik bin Habib, wanda ya fi shi yawan rubuce-rubuce. Malaman hadisi kuma sun ƙididdige masa kurakurai a sunayen maruwaita, domin shi gwanin fiƙihu ne, ba masanin illolin hadisi ba.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

Yahaya ya rasu a Ƙurɗuba a watan Rajab na shekara ta 234, daidai da farkon 849, yana da shekara 82. Ɗansa Ubaidullahi da almajirinsa Muhammadu bin Waddah suka ci gaba da karantar da Muwaɗɗa yadda suka ji daga gare shi, zuriyarsa kuma ta fitar da malamai da alƙalai a Ƙurɗuba. Kada mai karatu ya rikita shi da Yahaya bin Yahaya Attamimi mutumin Naisabur, wanda Imamu Muslim yake ruwaitowa daga gare shi. Shi ma almajirin Malik ne, amma mutum ne dabam.

Mutane da yawa sun ruwaito Muwaɗɗa, kamar su Alƙa'anabi da Abu Mus'ab da Muhammadu Asshaibani, amma ruwayar Yahaya ce ta rinjaya, har ya zamana in an ce Muwaɗɗa kurum ita ake nufi. A kanta Ibnu Abdil Barri ya gina Attamhid da Al'istizkar, a kanta Albaji ya yi Almuntaƙa, haka Suyuɗi da Zarƙani daga baya.

Ita kuwa Andalus ta kai ƙololuwa a zamanin Abdurrahman na uku, wanda ya ɗauki sunan Halifa a 929. A 1031 halifancin ya rushe, ƙasa ta tsattsage ta zama ƙananan masarautu masu gaba da juna, wasu har suna biyan sarakunan Nasara don su taimake su a kan 'yan'uwansu. Ɗulaiɗila ta faɗi a 1085. Murabiɗai daga Sahara suka kawo ɗauki suka yi nasara a Zallaƙa a 1086, Muwahhidai suka biyo bayansu, amma aka karya su a yaƙin Uƙab a 1212. Ƙurɗuba ta faɗi a 1236 aka mai da masallacinta coci, Ishbiliya ta bi a 1248, Garnaɗa kuma, wadda ta saura ita kaɗai, ta miƙa wuya a farkon 1492. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori ragowar jikokin Musulmi daga ƙasar. Abin da ya rage a can shi ne gine-gine irin su Masallacin Ƙurɗuba da fadar Alhamra, da kalmomin Larabci masu yawa cikin harshen Sifen, da sunan Andalusiya da lardin kudu yake amsawa.

Mulki na kusan shekara 800 ya tafi, amma littattafan sun ƙetare teku da Sahara. Ishiriniya da ake rerawa a ƙasar Hausa ta Alfazazi ce, haifaffen Ƙurɗuba. Alfiyya ta nahawu ta Ibnu Malik ce, haifaffen Jayyan. Tuhfatul Hukkam da alƙalai suka daɗe suna dogara da ita ta Ibnu Asim ce, alƙalin Garnaɗa. Ita ma Muwaɗɗa da ake buɗewa a zaurukan Kano da Katsina, ta hannun wannan jikan Barbar ta iso, wanda ya ƙi tashi kallon giwa, ya kuma ƙi jingina wa malaminsa 'yan babobin da bai tabbata ya ji ba. Ɗalibin yau da abubuwan kallo suka yi wa yawa, da malamin da yake shiga fada, da wanda yake yaɗa magana da sunan malamai ba tare da tabbatarwa ba, kowannensu yana da abin dubawa a rayuwar wannan bawan Allah.

Allah Ya ji ƙan Yahaya bin Yahaya, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan hidimar da ya yi wa ilmi, Ya kuma haɗa kan Musulmi a kan gaskiya, amin.